Yadda za ka kafa Wi-Fi a gida, ka kuma gane abin da rauta ke faɗa maka

Mutum zai sayi rauta, ya sa mata layi, ya zuba data mai tsada, alamar Wi-Fi ta cika taf a saman wayarsa, amma saƙon WhatsApp ya tsaya da ɗan agogon nan ya ƙi tafiya. Nan take sai ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa rautar lafiyarta lau. Abin da ya shige masa duhu shi ne intanet ɗin gida hanya biyu ce aka ɗinke. Akwai wadda ta taso daga kamfanin sadarwa ta iso rauta, akwai kuma wadda ta taso daga rauta ta iso wayarka. Alamar Wi-Fi labarin ta biyun kaɗai take ba ka. Kamar famfon cikin gida ne: bututu na iya zama lafiya ƙalau daga tanki har banɗaki, amma in ba a kawo ruwa daga waje ba, ko ɗigo ba za ka gani ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan rabe-raben suka tsaya.

Mataki na 1: San abin da ke hannunka

Akwatin da muke kira rauta na'urori ne da dama aka cusa wuri guda. Akwai modam, wanda ke magana da kamfanin sadarwa. Akwai ita rautar ta ainihi, mai raba intanet ɗin ga na'urorin gida tana lura da wa ya nemi me. Akwai ɓangaren da ke watsa Wi-Fi, sannan ramukan kebul na baya. A mafi yawan gidajenmu rauta mai cin layi ake samu, irin wadda MTN, Airtel da Glo ke sayarwa, ko ƙanwarta MiFi mai batir da ake sawa a aljihu. Wanda aka ja wa kebul ɗin faiba yakan ga ƙaramin akwati daban a bango, shi ne a matsayin modam. Mai Starlink kuwa, intanet ta tauraron ɗan'adam wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, farantin da ke kan rufi ne ke kamo sabis, rautar na ciki.

Juya rautar ka duba bayanta. Ramukan da aka rubuta wa LAN na cikin gida ne, nan ake jona kwamfuta ko talabijin. Wanda aka rubuta wa WAN, galibi launinsa daban, shi ne ƙofar da intanet ke shigowa daga modam. In ka soka kebul ɗin kamfani a ramin LAN, fitilu za su kama amma ba abin da zai buɗe. Akwai kuma takardar da aka manna a ƙasa. Ka ɗauke ta hoto yanzu-yanzu kafin zafi da ƙura su goge rubutun, don a jikinta sunan Wi-Fi yake, da kalmar sirri, da adireshin shiga saiti.

Mataki na 2: Gwada sabis kafin ka fitar da kuɗi

Kada ka zaɓi kamfani saboda talla ko don abokinka na wata unguwa ya yaba. Ari layukan kamfanoni biyu ko uku, ka sa a waya, ka gwada a ɗakin da rautar za ta zauna, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau intanet. Layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe da dare, saboda turken sabis ɗaya ne ku duka kuke rabawa. Ka tambayi mai shago ko rautar a kulle take da kamfani ɗaya ko tana karɓar kowane layi. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma a ganina ta cancanci ƙarin, don ranar da sabis ɗin unguwarku ya lalace layi kawai za ka sauya. A Najeriya kuma layin rauta ma sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar NIN, in ba haka ba za a toshe shi.

Akwai ruɗanin da ke cin kuɗin mutane a nan. 5G daban, 5GHz daban. 5G ƙarni na biyar ne na sabis ɗin wayar salula, wanda MTN ta fara kawowa Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma har yanzu ba ko'ina ya kai ba. Shi kuwa 5GHz zango ne na Wi-Fi a cikin gida. Za ka ga sunan Wi-Fi ya ƙare da 5G alhali rautar 4G take kamawa daga waje. In za ka sayi rautar 5G, tabbatar sabis ɗin ya iso layinku.

A jikin kwali za ka ga Wi-Fi 4, 5 ko 6, ko kuma 802.11n, 802.11ac da 802.11ax, abu ɗaya ne aka faɗa da suna biyu. Na 4 tun 2009 yake, na 5 ya zo a 2013, na 6 a 2019. Gida mai wayoyi da yawa kada ya sayi abin da ya gaza Wi-Fi 5.

Mataki na 3: Inda za ka ajiye ta

Nan ne aka fi yin asara, kuma gyaran ko kwabo ba ya ci. Wi-Fi igiyar rediyo ce mai rauni, kowane bango ta ratsa sai ta rage ƙarfi. Ginin bulo da siminti yana cinye ta, rufin kankare mai rodi ya fi, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuwa kusan mayar da ita baya suke yi. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen cikin birni ita ma ba ta barin ta wucewa da sauƙi. Ruwa ma yana shanye ta, don haka kusa da tanki ko randa ba wurinta ba ne. Madubi babba, firji, bayan talabijin, cikin durowa, duk wuraren da ake son ɓoye rauta don kada yara su taɓa, su ne wuraren da ke kashe ta.

Ka ɗaga ta sama, kan kantar ajiye kaya ko a kafe a bango sama da kai, a sarari, kusa da tsakiyar inda ake zama. In tana da eriya a waje, ka miƙar da su tsaye. Gidan da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, rautar da ke rumfa ko bakin tagar da ke kallon tsakar gidan takan wadatar da ɗakuna fiye da wadda aka kulle a ƙuryar ɗakin maigida.

Rauta mai cin layi tana da buƙata biyu da ke jan ta gefe biyu. Tana son bakin taga don ta kamo turken sabis, tana kuma son tsakiyar gida don ta rarraba. Idan suka ci karo, ka fifita tagar, don Wi-Fi ana iya ƙara masa tsawo daga baya, amma sabis ɗin da bai shigo ba babu abin da za a raba. Kada ka dogara da sandunan siginal, shiga shafin saiti ka nemi lamba mai suna RSRP, mai nuna ƙarfin siginal ɗin. Da alamar ragi take zuwa, kuma duk wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau: -80 ƙarfi ne sosai, -95 za a yi maneji, daga -105 zuwa ƙasa wahala ce. Kusa da ita akwai SINR, mai nuna tsabtar siginal ɗin. Ita kuma a so ta yi sama, 13 ko fiye. Ɗauki rautar ka bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya, kana jira kamar minti guda a kowace, kana rubuta lambobin. Za ka yi mamakin bambancin tagar gabas da ta yamma a ɗaki guda.

Sai dai taga ba ta nufin rana. A watannin Maris zuwa Mayu rautar da rana ke duka za ta yi zafi ta rage gudu, ko ta riƙa mutuwa tana tashi. Kada a lulluɓe ta da kyalle don kare ƙura. A bar ramukan iskarta a buɗe, a riƙa kaɗe su lokacin hunturu.

Mataki na 4: Shiga saiti ka kulle ƙofa

Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin da kalmar sirrin da ke jikin takarda. Buɗe burauza, a wurin rubuta adireshi ka sa lambar da aka rubuta a ƙasan rautar. Yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, na kamfanin Huawei kuma 192.168.8.1. Ba ka buƙatar data don wannan shafin, a cikin rautar yake. Zai tambaye ka suna da kalmar sirri, waɗanda a rautoci da yawa admin ne duka biyun.

Kalmar sirri biyu ce, kada ka gwama su. Ɗaya ta hawa Wi-Fi, wadda za ka ba iyali. Ɗaya ta shiga saiti, wadda kai kaɗai ya kamata ka sani. Fara da canza ta biyun. Duk yaron da ya hau Wi-Fi ɗinka ya san admin, yana iya shiga ya ga komai, ya canza komai, har ya kore ka daga rautarka. A rauta mai layi ma yana iya karanta saƙonnin da ke shigowa layin.

Daga nan ka nemi SSID, wato sunan da ke bayyana in ana neman Wi-Fi. Sa sunan da za ka gane amma wanda bai fallasa gidan ba, ban da sunanka ko lambar wayarka. A wajen nau'in tsaro ka zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA3 in akwai. WPA2 tun 2004 ake amfani da shi, WPA3 ya fito a 2018, kuma wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane shi, shi ya sa rautoci ke ba da zaɓin haɗa biyun. WEP kuwa an daɗe da fasa shi, cikin mintuna ake buɗe shi, kada ka kusance shi. Kalmar sirrin WPA2 tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63. Lambar waya, shekarar haihuwa da 12345678 su ake fara gwadawa. Gara ka jera kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa da juna ka cakuɗa da lambobi, ga tsawo ga sauƙin tunawa.

Kashe WPS. An yi shi don a haɗa na'ura da danna maɓalli ko lamba takwas, amma tun 2011 aka gano lambar tana da sauƙin fasawa.

Gaskiyar magana, yawancin datar da ake sha ba fasa rauta ake yi ba. Wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar sirrin Wi-Fi a hoton QR, wanda duk ya hau zai iya miƙa wa abokinsa cikin daƙiƙa biyar. Ka ba ɗanka, ya ba abokinsa, kafin sati majalisar ƙofar gida duk a kanka take. Hana maƙwabci ko baƙo abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma ba sai ka hana ba. Buɗe Wi-Fi na baƙi, wanda ake rubuta wa Guest a saiti, da sunansa da kalmar sirrinsa daban. In rautar ta yarda ka rage masa gudu, kana canza kalmar lokaci-lokaci, na iyali kuma ya zauna yadda yake.

Mataki na 5: Zango biyu, da batun tasha

Rauta mai zango biyu tana watsa 2.4GHz da 5GHz. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma ba shi da gudu sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ma a nan suke. Na biyun ya fi gudu da tsabta, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. Talabijin da kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da rauta su hau 5GHz, wayoyin ɗakunan nesa su zauna a 2.4GHz.

In kana gidan haya ko rukunin gidaje inda kowa da rautarsa, shiga saitin 2.4GHz ka duba tasha. Guda uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Manhajojin duba Wi-Fi na kyauta za su nuna maka inda maƙwabta suka taru, sai ka koma wadda ta fi sarari, ka bar faɗinta a 20MHz. Wanda gidansa ke shi kaɗai ya bar ta ta zaɓa da kanta.

Mataki na 6: Kalmomi huɗu da za su fitar da kai kunya

IP shi ne adireshin kowace na'ura. Na cikin gida yakan fara da 192.168, wani lokaci da 10, kuma ba a ganin sa daga waje. Duk na'urorin gidan da adireshi guda suke fita duniya, rautar ce ke riƙe lissafin wa ya aika me, ta mayar wa kowa amsarsa. Wannan aikin shi ake kira NAT.

DHCP shi ke raba adireshin da kansa duk lokacin da waya ta hau. Bar shi a kunne. In ka ga waya ta maƙale tana cewa tana neman adireshin IP, ko kwamfuta ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254, to ba ta samu amsa daga DHCP ba. Matsalar tana cikin gida, kiran kamfani ɓata kati ne.

DNS shi ke juya sunan shafi zuwa lambar da kwamfutoci ke ganewa. In ya samu matsala sai ka ga wasu manhajoji na aiki amma shafuka sun ƙi buɗewa. Kana iya sa na Google, 8.8.8.8, ko na Cloudflare, 1.1.1.1. Iyaye su riƙe wannan: Cloudflare na da 1.1.1.3, wanda ke toshe shafukan batsa da masu cutar da na'ura. In ka sa shi a rauta, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin gidan ya shiga ƙarƙashinsa. Ba ya tare komai da komai, kuma yaron da ya koma datar wayarsa ya fita daga ciki, amma yana rage ɓarna ƙwarai.

MAC lamba ce mai harafi 12 da ke jikin kowace na'ura, da ita rauta ke jera waɗanda ke kanta. Leƙa wannan jerin duk mako, ka ƙirga ka gani ko ya yi daidai da wayoyin gidan. Kana iya toshe baƙuwar lamba, amma tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na iya sauya lambar da suke nunawa, don haka wanda ka toshe yana iya dawowa da sabuwa. Canza kalmar sirri ya fi tabbas.

Mataki na 7: Gudu daban, yawan data daban

Gigabait 100 da ka saya yawa ne. Mbps kuma, wato megabit a daƙiƙa, gudu ne, kuma ƙaramin b ɗin nan yana da muhimmanci, don bit 8 ke yin bait 1. Layin da ke ba da 20Mbps yana sauke megabait 2.5 ne a daƙiƙa, wato fayil mai gigabait 1 zai ɗauki kusan minti 7. Gwada a fast.com ko Speedtest, sau ɗaya kana tsaye gaban rauta, sau ɗaya a ɗakin da ake kuka da shi. In duka biyun sun yi ƙasa, daga waje ne. In na kusa ya yi kyau na nesa ya faɗi, Wi-Fi ne, koma mataki na 3. Gwajin kansa yana cin data, kada a mayar da shi wasa.

Akwai kuma ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ke sa murya ta riƙa makara a kiran bidiyo ko da gudun yana da kyau. Ƙasa da 50 ya yi daɗi, in ya haura 150 za ka fara ji a jikinka.

Datar rauta tana saurin ƙarewa ne saboda waya da kwamfuta suna ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na kyauta. Suna hawa sai su fara sabunta manhajoji, su tura hotuna ma'ajiyar intanet, su ɗaga ingancin bidiyo. Netflix da kanta ta ce kallon HD na iya cin gigabait 3 a awa, 4K kuma har 7. A kowace wayar Android da kwamfuta mai Windows, shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna abin da aka rubuta wa Metered, ka rage ingancin YouTube zuwa 480p a wayoyin yara, ka hana WhatsApp sauke bidiyon guruf da kansa.

Mataki na 8: In gidan ya fi ƙarfin rauta ɗaya

Abin da aka fi saya shi ne ƙaramar na'urar da ake sokawa a soket ta kamo Wi-Fi ta sake watsawa. Tana da araha, amma irin mai zango ɗaya takan raba gudun biyu, kuma sai an sa ta a tsakiyar hanya inda siginal ke da sauran ƙarfi. Sa ta a ɗakin da ba ya samu aikin banza ne. Akwai tsarin mesh mai akwatuna biyu ko uku da ke aiki da suna guda, yana da kyau ga mai hali.

Ni dai kebul nake ba da shawara, musamman gidan sama, ko in za a kai wa sashen iyaye ko shagon ƙofar gida. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Ka nemi na jan ƙarfe zalla, don akwai mai araha da alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa. In zai bi waje a zura shi cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye. A ɗaya bakin ka jona tsohuwar rauta. In tana da zaɓin AP, wanda ke mayar da ita mai watsa Wi-Fi kaɗai, kunna shi ka huta. In babu, kashe DHCP ɗinta, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, misali 192.168.0.2 in babbar 192.168.0.1 ce, sannan ka soka kebul ɗin a raminta na LAN. Rauta biyu masu raba adireshi a gida ɗaya rikici ne da zai sa intanet ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Mataki na 9: Wuta

Yawancin rautoci bolt 12 suke ci, wasu 9, kuma wutar da suke ja kaɗan ce, ban da Starlink da ke ja sosai. Akwai ƙaramin batir na rauta da ke riƙe ta awanni in an ɗauke wuta, yana kuma hana ta mutuwa lokacin da ake juyawa zuwa janareto. Duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajarta ka saita batirin daidai. Kada ka ɗauki kowace caja don bakinta ya shiga, mai bolt fiye da ƙima ƙona rautar za ta yi. Lokacin damina in ana tsawa, zare ta daga soket, da kebul ɗin da ya bi waje.

Ranar da ta ƙi aiki

Bi wannan jerin, kada ka tsallake. Fara da tambayar ko na'ura ɗaya ce ko duka. In waya ɗaya ce, sa ta manta da Wi-Fi ɗin ka sake haɗawa. In duka ne, kalli fitilar intanet ko ta siginal a jikin rautar, in ta koma ja ko ta mutu, matsalar daga waje take. Duba ko data ta ƙare ko wa'adinta ya cika, sau da yawa wannan ne sanadin. Zare rautar daga wuta, jira daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba ta minti biyu. In shiru, cire layin ka sa a waya. Ya yi aiki a waya, laifin rauta ne ko saitin APN ɗinta, wanda ke haɗa ta da intanet ɗin kamfanin layin. Bai yi ba, na kamfani ne, sai ka kira su. Mai kwamfutar Windows ya buɗe cmd, wurin rubuta umarni, ya rubuta ping da adireshin rautar, sannan ping 8.8.8.8. Na farko ya amsa na biyu ya ƙi, cikin gida lafiya, waje ne ya yanke. Duka biyun sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne.

Ɗan ramin nan da aka rubuta wa Reset shi ne na ƙarshe. In ka danna shi da tsinke na kamar daƙiƙa 10, rautar za ta koma yadda ta fito daga kwali, sunan da ka sa da kalmomin sirri da DNS duk su goge. Masu faiba su tambayi kamfaninsu kafin su taɓa shi, don wani lokaci akwai suna da kalmar sirrin layin a ciki waɗanda sai kamfanin ne zai mayar. Bayan ta tashi, ɗauko hoton takardar da ka ɗauka a mataki na 1, ka shiga da abin da ke jiki, ka sake bin mataki na 4 tun daga canza kalmar admin.